Layi Na Tara Da Ka Bar Mini, Malam Habibu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 13 ga Mayu 2025, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Malam Habibu Lawali a gidansa na unguwar Banifandou, yana da shekara hamsin da huɗu. Shi ne mai kula da ɗakin ordinatoci, wato na'urori masu ƙwaƙwalwa, a cibiyar binciken da na yi aikin kammala karatuna.

Malam, ba zan rage maka alheri ko ɗaya ba. Kai ka nuna mini yadda na'urori goma sha shida ke raba lissafin hasashen ruwan sama a tsakaninsu. Ranar da kuran, wato lantarki, ya ɗauke, aikina na kwana uku ya salwanta, ka kai ni Babbar Kasuwa a kan motonka muka sayo batir. Kullum kana cewa, "Hadizatu, ƴata, kada ki yarda da na'ura. Karanta abin da ta rubuta."

Ka koya mini cewa na'urorin suna zance da juna ta hanya biyu: waya mai sauri da ke da katinta na musamman, da waya ta kowa da kowa. Sa'ad da ake harhaɗa manhajar lissafin ne ake zaɓa mata wadda za ta bi. In ba a kunna ta saurin ba, ba ta yin ƙorafi, sai ta bi ɗayar shiru. Da na ce zan harhaɗa da kaina, ka yi dariya. "Bar mini wannan, ke ki ji da lissafinki."

Kwana tara bayan rasuwarka aka ba ni makullin ɗakin. Na buɗe takardar zaɓuɓɓukan da ka harhaɗa manhajar da su. A layi na tara, hanyar saurin a kashe take. A ƙarƙashi ka rubuta: "Kati biyar sun ƙone. A bari haka." Kwanan watan 2 ga Oktoba 2023 ne, wata huɗu kafin in fara aunawa.

Shafi arba'in da ɗaya na kundina sun ce a kan waya mai sauri na auna. Na faɗi haka gaban malamai biyar, kana zaune a baya kana gyaɗa kai. Na duba sau shida ko ni ce na yi kuskure. Ba ni ba ce.

An ce da ka kai rahoto, da an rufe ɗakin, ɗalibai sun rasa wurin aiki. Wataƙila. Amma ni fa, Malam? Da ka gaya mini, kalma uku zan canza.

Jiya na miƙa wa shugaban sashe takardar gyara. Ban san me za a yi da digirina ba. A gurbin dalili na rubuta: "Ban karanta abin da na'ura ta rubuta ba." Wannan ma gaskiya ce, kuma ita kaɗai na sa.

Na yafe maka, ko da yake zuciyata ba ta gama bin bakina ba. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, kada Ya tambaye ka hakkina. Ku iyalan Malam, Inna Zalika, Huzaifa da Mariama, Allah Ya ba ku haƙuri. Katin nan biyar, ni zan kai rahotonsu ranar Litinin.

Hadizatu Yakuba, Yamai