Ranar da na kori ƙwarin Anti Balkisu

Ba zan manta da wata Talata ba, ranar da na yi aikin kirki mafi muni a rayuwata. Laifina ɗaya: ni ɗan manomi ne daga Mahuta, kuma ba wanda ya gaya mini cewa a jami'a ana kiwon ƙwari da gangan.

Lokacin hutun makarantarmu ne, kawuna ya samo mini aikin wucin gadi a ɗakin nunin zane na wata jami'a. Nan ɗaliban ajin ƙarshe ke baje ayyukansu, sai a gayyato wani malami daga wata jami'ar ya duba ya ba da maki. Wanda ya faɗi, sai baɗi. Aikina share ƙasa da hana mutane taɓa kaya. Shugabanmu Dakta Sani ya ce, "Ko me ka gani, fasaha ce." Na ga tsohuwar taya a rataye, na ga takalmi ƙafa ɗaya a kan teburi, duk na bar su yadda suke.

Amma da na ga akwatin gilashi cike da masara ƙwari na cin ta, sai na kasa daurewa. A gidanmu in Inna ta ga haka, har maƙwabta sai sun sha faɗa. Na fitar da masarar, na shanya a rana, na sheƙe ta tas, na mayar, na zuba busasshen barkono da ganyen darbejiya. Na tsaya ina jiran yabo.

Mai aikin, Anti Balkisu, ta zo ta kunna lasifika. Shiru. Ashe akwai makirfo a cikin akwatin. Wata uku tana kiwon ƙwarin don 'yan birni su ji da kunnensu yadda ake cinye wahalar manomi.

"Auwalu, ina ƙwarina?"

"Anti, sun yi tafiya."

Ta zauna a ƙasa. "Jibi mai ba da maki zai zo. Babana ya riga ya gaya wa duk Malumfashi na gama."

Dakta bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ka kore su, ka dawo da su."

Washegari na hau mota sai kasuwar hatsi ta Funtuwa. Na je rumfar farko na ce, "Alhaji, masara mai ƙwari nake nema."

"Wa ya aiko ka ka ɓata mini suna?"

Na biyu ya rantse ƙwaro bai taɓa bi ta layinsu ba. Na uku ya ɗaga mudu zai jefe ni. Ranar na gano duk Funtuwa babu ƙwaro ko ɗaya, in dai mai masarar ka tambaya.

Na wuce gida, na tambayi Baba ko akwai ƙwari a rumbunsa. Baba ya ce, "Rumbuna? Ka raina ni ke nan." Sai ya duba hagu da dama, ya ce, "Zo da buhu ta baya. Kada uwarka ta gani."

Ranar Alhamis aka kunna lasifika. Ƙwarin Mahuta ba irin na jami'a ba ne, ƙarar cinsu kamar injin niƙa. Baƙon malamin ya tsaya ya daɗe yana saurare, ya ce haka rumbun kakarsa yake yi. Sai ya leƙa cikin akwatin, ragowar barkonona ta same shi, ya yi atishawa har tabaransa ya faɗi. Anti Balkisu ta ce ai wannan ma cikin aikin yake.

Abin da na koya shi ne, a wannan sana'a kafin ka gyara abu, ka tambaya ko lalacewar ce aikin.

Anti Balkisu ta ci jarrabawarta. Ƙwarin sun fita daga akwatin sun shiga ofishin Dakta, aka rufe ɗakin mako guda ana feshi. Da hutu ya zagayo ba a sake kirana ba.