Shekarar da Na Shafa wa Masallacinmu Siminti

Mahaifina ne babban maginin garinmu, wani ɗan gari a ƙasar Roni. Lokacin sarki na Kazaure, hakimi na Roni, mu kuma dagaci ke riƙe da mu. Duk shekara in an gama kai gero da dawa rumbu, sai dagaci ya sa a yi shelar gayyar yaɓen masallacin Juma'a. Ginin ƙasa ne, kakan mahaifina na cikin waɗanda suka ɗora shi.

Ranar gayya ba mai zuwa kasuwa. Masu jakuna su kwaso jar ƙasa, samari su tattake ta, mata su aiko da fura, Fulanin bayan dutse su kawo nono. A nan Baba yake koyarwa, kuma ba ya dogon bayani. Sai ya kama hannun mutum ya ɗora a bango, ya ce ya nemi inda ya yi sanyi, to nan ruwa ke shiga. Har daga Gwiwa da Kanya Babba magina kan zo su ga yadda yake haɗa makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa da ake shafawa don kada ruwan sama ya ci bango. Abu ɗaya ne ba ya koyarwa cikin taro, ɗaurin bakan gizo, lanƙwasassun ginshiƙan nan da ke riƙe da rufi daga ciki. Ya sha ce mini in zauna rani guda ya nuna mini. Ni kuwa kowane rani Kano nake tafiya aikin bulo da siminti.

Wata shekara gyaɗa ta yi kyau. Ina da 'ya'ya biyu lokacin, ina ji da kaina. Da aka taru a zauren dagaci don sa ranar gayya, sai na ce a shafe masallacin da siminti sau ɗaya, kowa ya huta. Mutane suka yi na'am, don da yawa sun gaji da aikin. Baba ya gyara zama ya dubi dagaci.

"Ranka ya daɗe, ƙasa numfashi take yi. In aka toshe ta, ruwan da ya shiga ba shi da hanyar fita."

Na ce wannan zancen dā ne. A gaban dattawa na faɗa, har wani ya yi dariya.

Ranar aikin Baba ya zo, ya zauna gindin durumi. Maginan Gwiwa suka durƙusa suka gaishe shi, sannan suka wuce wurina kallon yadda ake kwaɓa siminti. Da muka gama, masallacin ya yi sumul, matafiya har tsayawa suke yi su duba. Daga nan ba a sake shelar gayya ba.

A damina ta uku na ƙwanƙwasa bangon gabas, na ji yana amsawa kamar ƙwarya. Ban gaya wa kowa ba, na ce sai kaka. Cikin marka, bayan an idar da la'asar mutane sun watse, bangon ya zube, ya tafi da bakan gizo biyu. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki. Na sa hannu a ɓaraguzan, simintin yana nan da ƙarfinsa, ƙasar da ke bayansa kuwa ta zama kamar kunu.

Na je na durƙusa gaban Baba. Lokacin ciwo ya riga ya kwantar da shi, idonsa ma ya yi rauni. Na yi zaton zai tuna mini abin da na faɗa a zaure. Tambaya kawai ya yi ko wani ya ji rauni, na ce a'a.

"To, nemo azara da igiya. Mu gwada."

Kwana uku ina fito da shi tsakar gida, ina jera masa azarar, wato tsagin itacen giginya, a gabansa. Yakan lalubo su, ya fara nuna mini yadda ake ɗora wannan bisa wancan, sai hannun ya kama rawa. Ya so ya faɗa da baki, amma aikin bai taɓa zama a bakinsa ba. Rana ta huɗu ya ce in bar shi ya ɗan ji ƙarfi tukuna. Bai ga girbin shekarar ba.

Na je Ɓaɓura neman wanda ya iya ɗaurin bakan gizo, aka ce wanda suke da shi ya rasu. A Kazaure na sami wani dattijo, ya ce ba ya iya hawa gini yanzu, yaransa kuma duk sun koma bulo. Ƙarshe aka rushe sauran, aka yi sabo da rufin kwano, ni ne kuma na gina shi.

Har yau baƙi in sun zo, jikokina kan nuna musu masallacin su ce aikin kakansu ne. Baƙin su yaba, su sa albarka. Nakan ce na gode, in shiga tambayarsu mutanen gida.