Tatsuniyar da Iya ba ta ƙarasa ba

A gidanmu na Birni, bayan an ci tuwo, kakarmu Iya takan jawo tabarma kusa da murhu mu kewaye ta. Tana da doka ɗaya: in ta ce "Ga ta nan," ba za ta ƙara ko kalma ba sai mun amsa "Ta zo mu ji." Ni ban taɓa amsawa da ƙarfi ba. Nakan ɓoye muryata cikin ta yayyena, idona a kan zoben azurfarta da ya yi mata yawa har ta naɗa masa zare.

Wata Laraba ta soma ba mu labarin 'yar mai rini da ta bi shamuwa zuwa ƙasar tsuntsaye. Shekara bakwai ta yi can. Da ta dawo ta tarar da ƙofar uwarta a rufe, ta buɗe baki za ta yi sallama, sai kukan tsuntsu ya fito.

"Sai me, Iya?"

"Sai barci, 'yan nema. Gobe ma rana ce."

Washegari yayana Lawali ya zo da robo daga lakwal, makarantarmu ta boko. Ɗan mutum-mutumi ne fari mai koya wa yara Faransanci, ana ba kowane gida aronsa mako guda. In ka faɗi kalma daidai, sai idanunsa su yi kore. Har yaran maƙwabta suka cika tsakar gida.

Iya ta shimfiɗa tabarmarta kamar kullum. "Ga ta nan," ta ce. Kowa na can yana maimaita sunayen launuka. Ni kaɗai na ji ta. Ta sake faɗi, ta dube ni. Amsar tana bakina, amma ban taɓa furta ta ni kaɗai ba, sai na sunkuyar da kai.

"To, ku ji da baƙonku," in ji ta. "Ku tambaye shi ko yana shan fura." Ta naɗe tabarma.

Kafin makon ya cika ciwon ƙirjinta ya tashi, kawu ya tafi da ita garinsu, Garagumsa. Can aka binne ta.

Robon ya yi mini rana, domin a gabansa na fara magana ba kunya, yau kuma ni ce ta ɗaya a Faransanci a ajinmu. Shi bai hana ni amsa wa Iya ba, ni na yi shiru. Na bi tsofaffin unguwarmu ɗaya bayan ɗaya ina tambayar ko uwar ta gane 'yarta. Babu wadda ta taɓa jin labarin. Ashe Iya ce ta ƙago mana shi.