Neman Labarin Kocin Italiya a Unguwar Zahir

Mun tashi da asuba daga Kano, ni da yayana, za mu yi Umra. Shi mai horar da yara ƙwallo ne a unguwarmu, kuma tun yana saurayi yake mutuwar son wani ɗan wasan baya na Italiya, wanda ya yi wa ƙasarsa kyaftin, ya ajiye takalmi ya koma koci, har ya taɓa riƙe wani kulob a Saudiyya. A jirgi kowa yana bitar addu'o'i, Yaya kuwa yana ba ni tarihin da na riga na haddace.

Daga Jidda muka hau bas zuwa Makka. Titi sumul, ba ramin da zai tashe ka daga gyangyaɗi. Muka yi Umrarmu lafiya, muka sauka a unguwar Kudai, inda abinci ya fi na kusa da Harami sauƙi. Shinkafar kabsa ta ishe mu, muka nemi gidan tuwo. A can wani ya gaya wa Yaya akwai wani dattijo Basakkwace a Zahir da ya yi aikin gyaran fili a kulob ɗin lokacin da Baturen yake koci. Daga nan Yaya ya hana ni sakat.

Bayan Azahar muka ɗauki tasi. Fasfo ɗinmu muka bari a masauki don kada su ɓata. Dattijon ya karɓe mu a wani ƙaramin ɗaki a saman bene, ya dafa shayi. Tun yana matashi ya zo Hajji ya zauna, ba shi da iƙama, wato takardar zama.

"Alhaji, mutumin nan da kansa yake shiga fili yana nuna wa 'yan wasa yadda ake tare hanya," in ji shi. "Amma da aka yi ta cin su, sallamarsa aka yi. Ranar da zai tafi sai da ya zagayo ya gaisa da mu, har masu shara."

Yaya ya buɗe baki zai yi tambaya, sai wata mata a ƙasa ta ce, "Jawazat." Jami'an shige da fice ne suka shigo layin. Dattijon ya miƙe ya kashe fanka, ya sa sakata. Na shafa aljihuna, ba fasfo.

Muna jin ƙarar takalma a matakala, ana buga ƙofofi ɗaya bayan ɗaya.

"Ku kuna da biza, ko an tafi da ku za a sake ku," dattijon ya faɗa a hankali. "Ni in aka fitar da ni, jikokina suna nan, Sakkwato kuwa ba wanda ya san ni yanzu."

Aka buga ƙofar da ke kallon tamu. Muka ji an fito da maƙwabcinsa, matarsa tana kuka tana roƙo da Larabci. Ina jiran a buga tamu. Takalman suka tsaya, sannan suka sauka. Ba wanda ya motsa a cikinmu sai da aka kira La'asar.

A bakin matakala dattijon ya sallame mu, bai yarda ya leƙa waje ba. Yaya bai ƙara ambaton Baturen ba har muka bar Makka.

Mun dawo Kano lafiya. Abin da na koya shi ne, shi kocin da aka kora, jirgi ya hau ya koma gidansa, amma akwai namu a can da ba su da inda za su koma. Makon jiya Yaya ya kira lambar dattijon, a kashe take. Har yanzu muna gwadawa.