Motar Baya a Farin Tudu

Cikin duk ranakun da na yi ina tuƙi a Riyadh, wadda ban taɓa mantawa da ita ba wata Asabar ce a ƙarshen sanyi, shekara biyu ko uku bayan an mayar da hutun mako Juma'a da Asabar. Tunda yanzu ku sababbin direbobi ake turawa rakiyar 'yan keke, bari in ba ku labarinta.

A lokacin kamfaninmu da ke unguwar Ulaya ya ba wata ƙungiyar mahaya keke hayar mota biyu duk Asabar. Motar gaba tana buɗe hanya. Motar baya, wadda aka ba ni, tana ɗauke da ruwa, dabino, tayoyi da akwatin magani, kuma doka biyu ce a kanta: ba ta wuce mahayin ƙarshe, ba ta kuma barin ya ɓace mata. Wanda ya gaji sai a ɗora kekensa a baya, ya shigo ya zauna. Shugaban tafiya, wanda suke kira kyaftin, yana cikin ayari da oba-oba a aljihu, ni ma ina da tawa. Abin da ya ce shi ake yi.

Da farko abin dariya yake ba ni. Mu a Gusau keke na wanda bai samu babur ba ne. Nan kuwa ga likitoci da manyan ma'aikatan banki, kowa ya bar motarsa mai sanyi, ya matse jikinsa cikin kayan da ko ɗan kokawa zai ji kunyar sawa, ya je yana haki a kan tudu da kuɗinsa. Na ce a raina, lallai in hutu ya yi wa mutum yawa sai ya nemi wahala da kansa.

Inda suke zuwa wani gandu ne da aka killace a yammacin gari, an hana kiwo da farauta a cikinsa. Ƙasar wurin farin dutse ce mai laushi, in ka shafa sai ta bar maka fari a hannu kamar alli. Kwalta siririya ce, ta hau tudu ta sauka, ta sake hawa ta sake sauka, har ta kai ga mafi tsawo, wanda mu direbobi muka sa wa suna Farin Tudu. Bayansa gangare ne mai tsawo da kwana-kwana har ƙofar fita. Masu gadin gandun sun yarda a shiga da sassafe, amma a fice kafin azahar.

A cikin mahayan akwai wani dattijo Balarabe, Abu Salih, tsohon malamin makaranta. Shekarar da ta gabata ya yi shanyewar ɓarin jiki. Ya warke, amma hannunsa na hagu bai koma daidai ba. Tun da ya dawo hawa, shi ne na ƙarshe kullum, kuma makonni biyu a jere a motata ya ƙarasa. A safiyar nan babban ɗansa Salih ne ya kawo shi ƙofar gandu. Ya ja ni gefe da kyaftin, ya ce sun yi magana a gida: in yau ma mota ce ta fito da baban, an gama, za a ɗauke keken. Ya faɗa da murya ƙasa-ƙasa, amma dattijon yana nan yana ɗaura hular kwano, na kuma san ya ji.

Aka tashi. Kafin a wuce tudu na biyu ayari ya yi mana nisa, ya rage daga shi sai ni.

To, ni abin da ya dame ni ke nan. Ga mutum sa'an mahaifina yana zuba gumi a rana, ni kuma ina bayansa a kishingiɗe, iska mai sanyi na hura ni. Ba haka aka tarbiyyantar da mu ba. In ka ga babba da kaya, karɓa kake yi, ko tambayarsa ba ka yi. Kunya ta ishe ni. Na kashe sanyin motar na sauke gilashi, ko na ɗan ji abin da yake ji. Bai ishe ni ba. Sai na riƙa matsowa kusa da shi, ina leƙo kai, ina ce masa ya ammi, wato baffa, kamar yadda Larabawa ke kiran babba.

"Sannu, ya ammi. Allah ya ba ka lafiya. In miƙo ruwa?"

Ya girgiza kai. Can an jima na sake matsowa. "Ya ammi, ko za ka riƙe ƙofar motar in ja ka zuwa saman nan? Ba wanda zai gani."

Ya ci gaba da takawa har ya kai saman tudun. Ya sauke ƙafa ɗaya, ya jira na tsaya kusa da shi. Na ɗauka zai ce in ɗauki keken. Ya dube ni, fuska duk farar ƙura da gumi, ya ce, "Ya Sani, tun daga ƙofa nake jin numfashin motarka a ƙeyata. A gida in na miƙa hannu zan ɗauki kofin shayi, hannu uku sun riga ni. In na miƙe, wani ya tashi ya tsaya a bayana. Nan kaɗai nake zuwa in ji ko akwai sauran abin da nake iya yi da kaina, kai ma ka biyo ni da sannu."

Wallahi sai na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Na ce, "Ya ammi, doka ce, ba a yarda ka ɓace mini ba."

"Ban ce ka bar ganina ba," in ji shi. "Cewa na yi in daina jin ka."

Ya hau ya gangara. Na tsaya ina kallonsa, sai na lura da abin da na yi watanni ina wucewa ban kula ba. Daga saman kowane tudu ana hango hanya har saman na gaba, kuma baƙar rigarsa a kan farar ƙasar nan ta fito fes kamar ƙuda a ƙwaryar nono. Ashe ba sai na manne masa ba. Na kashe injin, na fito na tsaya. Sai da na ga ya kusa ƙarasa hawa na gaba, sannan na tayar na bi a hankali, na sake tsayawa inda ya baro. Haka muka riƙa yi, shi yana tudu guda, ni ina na bayansa.

Ranar ce na fara jin shirun wurin. Ba ƙarar komai sai iska a cikin itatuwan ƙaya. Har wasu barewa suka fito daga wani kwari suka tsallaka kwalta ba gaggawa, abin da ban taɓa gani ba, don kullum da ƙugin inji nake zuwa.

Oba-oba ta yi ƙara. Kyaftin ne, sun riga sun isa ƙofa. "Ya Sani, ina kuke?"

"Muna gindin Farin Tudu."

"Rana ta yi. Ɗauko shi, yalla, yi sauri."

Na ce, "Kyaftin, yana tafiya, bai tsaya ba."

"In wani abu ya same shi fa? Kai za a tambaya, ni za a tambaya."

Gaskiya ya faɗa, kuma na sani. Baƙon da iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ke hannun kafil, ubangidan da ya kawo shi ƙasar, ba ya wasa da irin wannan magana. Na ce ya ba ni ɗan lokaci, in na ga ya yi tangaɗi ko sau ɗaya zan ɗauko shi ko yana so ko ba ya so. Sai ya ce zai roƙi masu gadi su ɗan jinkirta.

Farin Tudu ba kamar sauran ba ne. Kusa da samansa an yanke dutse an ratsa da hanya, akwai kwanar da in mutum ya shiga ba a ganinsa daga ƙasa. Na ga dattijon yana hawa yana karkata dama da hagu, kamar keken zai tsaya cak. Ya shiga kwanar ya ɓace. Hannuna na kan makulli. Zuciyata na cewa tayar, bi shi, wata kuma na cewa in ya ji injin nan yanzu ka ɓata masa duk abin da ya yi tun safe. Ban san iya lokacin da na ɗauka ba, na dai san na karanta duk addu'ar da na iya, ina jin tsoro ƙwarai. Na riga na murɗa makullin ke nan sai na hango baƙin ɗigo ya ɓullo ta ɗaya gefen, a can sama, ya tsaya.

Da na isa na same shi zaune a kan dutse, keken na kwance gefensa, hannun hagun nan yana rawa a kan gwiwarsa. Na miƙa masa ruwa, wannan karon ya karɓa. Ya daɗe yana kallon tuddan da ya baro, fari bayan fari har inda ido ya tsaya.

Na ce, "Masha Allah, ya ammi, saura gangare kawai. Ko feda ba sai ka taka ba."

Ya yi murmushi ya ce, "Ɗora keken a mota."

Na zaci ban ji daidai ba. Na tuna masa abin da Salih ya faɗa, na ce ai mai wuyar ya wuce.

Ya ɗaga hannun hagun ya nuna mini. "Wannan ba zai riƙe birki a gangaren nan ba. Tun a tudu na uku na gane. Ya waladi, ɗana Sani, Salih yana da gaskiya. Amma ban so a ɗauke ni a tsakiyar hanya kamar buhu a ce mini ya isa ba. Na so in hau nan tukuna, in faɗa da bakina. To, na faɗa. Ya isa."

Na ɗora keken, idona cike da ƙwalla, ina ɓoye fuska a bayan mota kamar ina gyara igiya. Muka gangara. A ƙofa Salih ya taho da sauri, ya ga uban a kujerar gaba, ya buɗe baki zai fara lallashi. Dattijon ya riga shi. Ya ce, "Na hau Farin Tudu, tambayi Sani. Keken kuma na ajiye, kai shi gida." Salih ya dube ni, na gyaɗa kai. Sai ya sunkuya ya sumbaci goshin mahaifinsa. Abu Salih bai sake zuwa ba.

Abin da na koya ke nan a aikin motar baya. Za a koya muku canza taya da ba da ruwa, wannan a yini ɗaya kun iya. Mai wuyar shi ne sanin tazarar da za ka bari. In ka yi nisa da yawa ka yi sakaci da ran mutum, in ka matso da yawa ka ƙwace masa abin da ya fito nema. Mu da aka raina da gaggawar karɓar kayan babba, ta nan muka fi kuskure, da kyakkyawar niyya kuwa. Don haka in kun samu kanku bayan wanda ya rage shi kaɗai, ku sa masa ido, ku rufe bakinku, ku bar shi da tudunsa. In lokacin shiga mota ya yi, ya fi ku sani, kuma ya fi son a ji daga bakinsa.