Kwarantin a Hor Al Anz

Sayen turare ya kai ni Dubai a shekarar korona. Kafin in gama haɗa kaya a kasuwar Al Ras jirage suka daina tashi, na maƙale, ga matata a Kano da tsohon ciki.

Mu shida ne a gidan haya a unguwar Hor Al Anz. Da aka gwada ɗayanmu aka ce ya kamu, sai ma'aikacin lafiya ya kira mu a waya yana ta maimaita kalma ɗaya: kwarantin. Ko bakin ƙofa kada wanda ya leƙa.

Babbanmu wani dattijo ne ɗan Maraɗi mai fataucin yadi, wanda ya yi bokonsa da Faransanci. Alhaji muke ce masa. Ya ga na kasa cin abinci, sai ya matso da kujerarsa.

"Ɗan Kano, ka san ma'anar kalmar nan?"

Na ce, "A'a, Alhaji. Ba Turanci ba ce?"

"Mu ma muna da ita, karanten muke cewa. Karant a Faransanci arba'in ke nan. Asalinta daga Italiya ne. A zamanin annoba, jirgin ruwa in ya iso sai a tsare shi nesa da gaɓa kwana arba'in. Fatake na hango gari, ba damar sauka."

Na ce, "To, waɗanda suka yi ciwo a cikin jirgin fa?"

Sai ya ce in sha shayina kafin ya huce.

Ana cikin haka matata ta haihu, na ga ɗiyata a waya. Alhaji ne ya raba dabino a gidan, yana tari yana cewa sanyin na'urar sanyaya ɗaki ne. Washegari numfashi ya gagare shi. Ma'aikatan lafiya masu fararen kaya suka zo suka fita da shi, ko takalminsa bai ɗauka ba.

Muka yi ta kiran wayarsa, a kashe. Daga baya asibiti suka sanar da mu ya rasu, an binne shi a nan Dubai, babu ɗayanmu da ya samu sallarsa.

Ni aka ɗora wa kiran babban ɗansa a Maraɗi. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Kawu, wa ke kusa da shi lokacin?"

Na ce masa ban sani ba.