Ta Gwaggonta Ce

Ni ce 'yar fari a gidanmu, saboda haka Inna ba ta kiran sunana. "Ke" take ce mini, ko "waccan". Ba ta zama tabarma ɗaya da ni, kitso ma maƙwabciyarmu ke yi mini. Ban ɗauki wannan a bakin komai ba, haka ake yi wa ɗan fari. Kakanninmu daga Barno suka zo Kano tun kafin zuwan jirgin ƙasa. Yarensu ya salwanta a hanya, amma kunyar ɗan fari sun iso da ita ba ko ƙwarzane.

Gidanmu yana Fagge, ta ɓangaren da ke kallon Sabon Gari. Baba yana sayar da yadi a Kantin Kwari. Ni kuma ina aji biyu a wata 'yar makarantar midil ta 'yan mata, ginin ƙasa mai rufin kwano, aji uku da tsamiya ɗaya a tsakar gida. Malamar ajinmu Ibo ce, tana zaune a Sabon Gari da mijinta mai gyaran agogo. Misis muke ce mata. Shekararta biyu a Kano a lokacin, Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "ka" ne a bakinta. Tana sona saboda rubutuna, amma tana yawan cewa, "Kai yarinya, bakinka yana ina?" Ni kuwa in an yi mini magana, yatsun ƙafata nake kallo.

Wata safiya aka tara mu gindin tsamiya aka ce za a rufe makarantar nan da wata uku. Ana gina sabuwa, ta kwana, a bayan gari. Sai dai gadajen ba za su ishi kowa ba, don haka ofishin ilimi ya ja iyaka. Babban lambatun da ya ratsa Fagge shi ne iyakar. Wadda gidansu ke tsallake, ta wajen birni, tana da gado. Wadda ke wajen Sabon Gari, iyayenta su nema mata wuri a makarantun mishan. Gidanmu taku arba'in ne daga lambatun, na sha ƙirgawa, amma ta wajen Sabon Gari. Na kuma san Baba ba zai kai ni mishan ba.

Misis aka sa ta bi gidaje ta rubuta inda kowace yarinya take, tunda ita mace ce, tana iya shiga har tsakar gida. Ranar da ta zo namu Inna na tsince shinkafa a faifai, maƙwabta biyu na zaune. Aka shimfiɗa mata tabarma, aka kawo ruwa. Ta buɗe littafi a cinya, ta nuna ni da alƙalami.

"Mama, wannan yaronka ne?"

Matan suka rufe baki da gefen zane. Inna ba ta ɗago ba. Ta ture wata tsakuwa zuwa bakin faifai ta ce, "Ta Gwaggonta ce."

Duk wanda ya tashi a unguwarmu ya san ma'anar wannan. Uwa ba ta bugun ƙirji da ɗan fari a gaban mutane, sai ta jingina shi ga wani. Amma Misis ba a unguwarmu ta tashi ba.

"Gwaggo yana ina?"

"Kwaciri," in ji ɗaya daga cikin maƙwabtan, tana dariya.

Ina tsaye a bayan Misis, ina ganin bakin alƙalamin. Na ga ta rubuta sunana, ta ja ɗan layi, ta rubuta Kwaciri. Tawadar ta ɗan taru a harafin ƙarshe, ta danna mata takardar tsotsa. Kalma uku kawai zan faɗa, a nan nake, shi ke nan. Na buɗe baki, sai na ga Inna na zaune, na rufe.

Da Baba ya dawo ya ji labari, da farko ya ɓata rai. Can sai ya ajiye lomar da ke hannunsa. Gidan Gwaggo, yayarsa, yana unguwar Kwaciri, a tsallaken lambatu.

"Ikon Allah," ya ce. "Kunyarki ta yi mana rana. A bar shi haka."

Abin da ya rage shi ne mai unguwar Kwaciri ya shaida a can nake kwana, don ofis ya gano mutane na ta rabe 'ya'yansu a gidajen dangi. Baba ya ce in koma wurin Gwaggo. Wata uku ne kawai. Da na shiga makarantar kwana, babu mai tambayar gidan da nake zuwa hutu.

Inna ce ta ɗaure mini kaya. A saman ƙullin ta ɗora rigar sabuwar makaranta, shuɗiya mai farin wuya, wadda wani tela a Sabon Gari ya ɗinka da yadin da Baba ya yanko. Ta sa an bar mata tsawo, ita kuma ta kalmashe ƙasan da hannunta, ninki uku, da ƙananan ɗinki kamar sawun tururuwa. Ba ta raka ni ko zaure ba. Ina jin ta tana ce wa ƙanwata, "Ce wa waccan ta bar tafiya ba takalmi."

Gwaggo ba ta taɓa haihuwa ba, ta kuwa riƙe ni da kyau. Ita tana kiran sunana sau ashirin a yini, har ya zame mini kamar na wata. "Ke da baki kamar an ɗinke," take cewa, "uwarki sak, sai dai ke kin fi ta tsawon wuya." Kullum da safe in zan tafi makaranta sai na tsallaka katakon da aka gitta a kan lambatu, na bi ta ƙofar gidanmu. Ba na shiga. Baba ya ce kada a riƙa ganina a can sai Juma'a. Ina dai rage sauri in saurari turmi. Na san dakan Inna, bugu biyu da ƙarfi, na uku a hankali.

Wata uku suka cika, aka sake tara mu gindin tsamiya. Kwanon rufin ɗakunan kwana bai iso ba, an ɗaga rufe makaranta sai bayan damina. 'Yan ajinmu suka yi ta tsalle. Bayan damina aka ce rijiyar sabuwar makaranta ta rufta, sai an haƙa wata. Daga nan aka daina faɗin wata, aka koma cewa baɗi.

Ba ni kaɗai ba ce. Akwai 'yan biyu a ajinmu da aka kai gidan kakarsu, kakar ta rasu a cikin jiran, aka rasa inda za a rubuta su. Akwai wadda mahaifinta ya tashi da iyalinsa kacokan ya kama haya a tsallake, ya bar gidan gado a rufe. Aji ya yi ta raguwa. Ba a gyara komai a makarantar, tunda rufe ta za a yi. Inda rufi ke yoyo sai mu ja benci gefe. Allo ya koɗe, Misis ta riƙa goga masa gawayi da hannunta.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci nake zuwa gida. In gaida Inna, ta amsa tana kallon wani wuri. Kafin in zauna sai ta ce, "Ke, miƙo min faifan can." Faifai ne da ke rataye a ƙusa jikin bangon madafi. Kowace Juma'a shi take aike na in ɗauko, in kawo, ta ajiye a gefe ba ta yi komai da shi ba. Na ɗauka so take ta nisanta ni da ita.

Duk sa'ad da aka ɗaga ranar, sai ta aiko a karɓo shuɗiyar rigar daga gidan Gwaggo. Bayan kwana biyu ta dawo, an warware ninki ɗaya an sake kalmashewa. In gwada, ta tsaya daidai ƙasan gwiwata. Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Oh ni! Yaushe ta auna ki? Matar da ko kallonki ba ta yi."

Sai da na shekara ɗaya da rabi a Kwaciri sannan aka gama ginin. Amma a cikin wannan jiran an fitar da sabon titi ta Fagge, an yi sababbin gidaje, sai ofis ya ce tsohuwar iyaka ba ta yi ba. Aka bar lambatu aka koma titi. Baba ya zo gidan Gwaggo da rana tsaka, abin da bai saba ba, ya jingine kekensa ya zauna a dakali.

"Yaya," ya ce, "da a tsaye suka yanka Fagge, yanzu sun yanka ta a kwance. Gidana ya shiga. Naki ya fita."

Gwaggo ta ce, "To ai sai ta koma gidan ubanta."

"A takarda ba ta da gida sai naki."

Ya je ofis sau uku. Aka ce masa kowa haka yake faɗa yanzu, kowa ya tuna da 'yarsa. Ga shaidar mai unguwa cewa shekara da rabi a Kwaciri nake kwana, ga kuma maganar uwa da bakinta a littafi. In ana so a gyara, sai uwar ta warware abin da ta faɗa a gaban malamar da ta rubuta, da shaidu, ta dangwala yatsa.

Misis ta tsayar da ni bayan an tashi. Yanzu Hausarta ta gyaru, wata maƙwabciyarta kuma ta riga ta bayyana mata yadda ake yi da ɗan fari. Idonta ya yi ja.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba? Kina tsaye a bayana!"

Na kalli yatsun ƙafata.

"Ba laifinki ba ne," ta ce. "Ni ban tambaya da kyau ba. A garinmu uwa tana kiran ɗan fari har unguwa ta ji."

Ranar Talata da la'asar muka je gidanmu ni da Misis. Maƙwabtan nan biyu aka kira su shaida, wasu matan ma suka shigo ba a kira su ba. Gwaggo ta zo. Inna na zaune a ƙofar ɗaki, ta ja mayafi har goshi. Misis ta zauna, wannan karon ba ta buɗe littafin ba tukuna.

"Mama, ki yi haƙuri. Na san abin da nauyi. Yarinyar nan 'yar wa ce?"

Wata kaza ta ratsa tsakar gida, babu wanda ya kore ta. Ɗaya maƙwabciyar ta ce, "Haba ke kuwa, faɗi mana, ai ba a kasuwa kike ba." Gwaggo ta ce, "Ku ƙyale ta." Ina kallon hannun Inna. Tana murza bakin zanenta, ta nannaɗe shi a yatsa har kan yatsan ya yi fari, ta warware, ta sake.

Sai ta ce, da muryar da ban san tana da ita ba, "Tawa ce. Ni na haife ta. Ran Laraba da hantsi, ana yayyafi, a ɗakin nan." Sannan ta faɗi sunana, cikakke, har da na Baba.

Babu wadda ta yi dariya. Misis ta kama babban yatsan Inna ta shafa masa tawada ta danna a takarda. Inna ta tashi ta shige ɗaki ta saki labule. Ni kuma na rasa inda zan sa kaina, sai na nufi madafi. Faifan na nan a ƙusarsa. Da na matsa kusa, sai na ga wasu 'yan zane-zane a bango, ƙarƙashin ƙusar, an karce su da bakin wuƙa, ɗaya bisa ɗaya, sun fi goma. Na juya na jingina bayana. Na ƙarshen ya zo daidai kafaɗata.

Misis ta kai takardar da kanta washegari. Bayan mako guda amsa ta zo. An rufe jerin sunaye tun kafin takardar ta isa, gadaje sun cika, an ba wata nawa. Aka ce a sake nema baɗi, amma baɗi 'yan aji ɗaya kawai suka ɗauka, ni kuwa na wuce nan.

Ranar da aka rufe makarantarmu na tsaya gindin tsamiya ina kallo ana loda bencuna a amalanke. Na gane namu, ƙafarsa ɗaya gajeriya ce, mun saba sa mata dutse. Dutsen aka bari a ƙasa. Misis ma ba a ɗauke ta a sabuwar makarantar ba. Ta ba ni alƙalaminta da kwalbar tawada, ta ce, "Ki riƙa rubutu, tunda bakin ya ƙi." Daga baya na ji sun koma garinsu ita da mijinta. Karatuna na aji a nan ya tsaya.

Na kwaso kayana daga Kwaciri. Gwaggo ta rako ni har lambatu tana share ido, tana cewa hayaƙi ne. Na shiga gida na gaida Inna. Tana tankaɗe, ba ta ɗago ba.

"Ke," ta ce, "ajiye kayan a ɗaki, ki zo ki kama min."

Ba ta sake aike na ɗauko faifan nan ba, ba ta kuma sake faɗin sunana ba har ta bar duniya. Shuɗiyar rigar ban taɓa sa ta na fita ba. Bayan rasuwarta na same ta a ƙasan akwatinta, a ninke. An warware kalmasar gaba ɗaya, babu sauran abin sakewa, sai layuka uku na ramukan allura a jikin yadin.